Kujerun Maɗaci na Tsakar Gidanmu

Na shigo Wagadugu a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, daga Nijar, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, lokacin ƙasar nan ba ta ma sake suna ba. Aparanti nake a wancan zamanin, ina koyon tuƙi a hannun wani ɗan garinmu. Duk baƙon da ke jin Hausa in ya sauka a garin nan Zango ake nuna masa, mu ma can muka nufa. Masaukinmu gidan wani dattijo ne mai fataucin goro, wanda kakanninsa suka zo da jakuna tun kafin zuwan Nasara, suka zauna. A gidan na fara ganin yarinyar da ta zama matata. 'Yar ƙanensa ce, ita ke kawo wa baƙi ruwa. Ba ta da yawan magana, amma in ta faɗi guda sai ka wuni kana juya ta a ranka. Da na sami takardar tuƙi aka damƙa mini mota, na nemi aurenta. Aka tambaye ta, ta ce tana so, aka ba ni.

Kujerun sun shigo gidanmu ne shekarar da aka haifi 'yarmu ta fari. A tafiye-tafiyena na bakin teku nakan ga irinsu a ƙofar gidajen mutane, masu jingina ta baya da faffaɗan hannu, mutum ya zauna ya miƙe ƙafa kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Abin ya shiga raina. Akwai wani kafinta Bamoshe a unguwar Widi da ya taɓa gyara mini katakon bayan mota, na je na kwatanta masa da hannu da zane a ƙasa. Ya ce yana da maɗaci busasshe, na wata bishiya da iska ta kayar. Ya yi mini guda uku, jajaye, masu nauyi, na ɗoro su a amalanke har gida ina jin kaina.

Matata Hajiya, wadda a lokacin ba ta je Makka ba amma bakina ya saba da kiranta haka, ta fito da jaririya a kafaɗa ta tsaya tana kallonsu.

"Malam, wa zai zauna a kan waɗannan? Kwamanda ne zai riƙa zuwa mana hira?"

Na ce, "Ni da ke, da duk baƙon da Allah ya kawo."

"Tabarma me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Zauna dai ki ji."

Ta zauna a hankali, ta jingina, ta gyara wa yarinya kwanciya. Can ta shafa hannun kujerar ta ce, "Itacen kirki ne. Amma ka sani, aiki ka sayo mini."

Muka jera su a ƙarƙashin dogon yaro da ke tsakar gida, kusa da zaure. Daga nan rayuwata ta zama ta hanya. Yau ina Lome, gobe ina Yamai, wani watan ina Abija ta bakin teku, in ɗauko goro in kai shanu, in ɗauko siminti in kai albasa. Nakan yi makonni ban kwana a gida ba. Amma duk ranar da na dawo, ko da wane lokaci ne na shekara, zan tarar da kujerun nan suna nan inda na bar su, jajaye, suna sheƙi, in ka ɗora hannu santsi kamar fatar jariri. Har alfahari nake yi wa abokaina direbobi in sun zo shan shayi bayan la'asar. In ce musu, "Ku ga maɗaci na gaskiya. Rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, ko gezau." Nakan ga Hajiya da tsumma a wajensu jefi-jefi, amma na lissafa shi cikin shara da wanke-wanke, irin ayyukan da ake yi kullum har ido ya daina ganinsu.

Ita kuwa tana sayar da atamfa a gida. Da hantsi mata ne ke cika kujerun, suna warware zannuwa a cinya, Hausa da Mosanci na cuɗanya har ba ka san inda ɗaya ya tsaya ba. Babbar ƙawarta maƙwabciyarmu ce, Bamosa, mai sayar da zomkom, ruwan gero mai tsamiya da citta da ake sha a nan. Yaranmu Yaba suke ce mata, wato kaka, har mu manya muka kama. Tana da kujerarta a cikin ukun, ta wajen randa, kowa ya sani.

Haka muka yi shekaru. 'Yarmu ta yi aure ta tare a unguwar Sisen, ƙanenta ya tafi Abija neman na kansa. Ni kuma baya ya fara ciwo, ido ya rage gani, na ajiye tuƙi na dawo gida. Ban daɗe da dawowa ba abin ya faru. Wata safiya a farkon damina Hajiya na dama koko, ludayi ya suɓuce mata. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Ta ɗago tana so ta kira ni, maganar ta fito a murɗe. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama, Allah ya sa an kawo ta da wuri.

Ta dawo gida da rai, muka gode wa Allah. Amma ƙafa na ja, hannu a lanƙwashe a ƙirji, baki ya karkace gefe guda, harshe ya yi nauyi. Matar da ta fi kowa tsabta da kama kai, yanzu in ta sha ruwa sai ya zubo ta gefen baki. Wannan ya fi ciwon kansa yi mata zafi. Ta shiga ɗaki ta ƙi fita. In mata suka zo dubiya sai ta juya fuska bango kamar mai barci. Ni ma kaina da kai take amsa mini, ko da hannun hagu. 'Yarmu na zuwa kullum a kan mobilet, ƙaramin babur ɗinta, ta yi mata wanka ta yi girki, ta roƙe ta ta fito ko iska ta sha, ta ƙi. Likita ya ba da wata ƙwallon roba ya ce ta riƙa matsawa don hannun ya farka. Ta tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa.

Yaba ba ta fasa zuwa ba. Kowace safiya za ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta gaishe ta da Mosanci, ta jira kaɗan, ba amsa, ta ajiye ƙwaryar zomkom ta ce, "To, sai gobe," ta tafi. A zaure ta taɓa ce mini, "Kada ka matsa mata. Na san halinta. Kunya ce ke cinta, ba ciwo ba."

Damina ta yi ta zuba a kan kujerun, ba wanda ya waiwaye su. Hankalinmu na wani wuri. Sai da ruwa ya ɗauke, wata rana na fito daga masallaci na shigo gida na tsaya na dube su da kyau. Jan nan ya tafi, sun yi fari-fari kamar ƙashi. Baƙaƙen ɗigo sun fito a jingina, ƙafafun sun yi kore, jar ƙasa da ruwa ya fantsama ta bushe a jikinsu. Gara ta gina hanyarta a ƙafar ɗaya har ta kusa kai mazauni. Ta Yaba kuwa da na taɓa ta sai ta yi rawa tana ƙara.

A makon nan 'yarmu ta zo da fararen kujerun roba guda biyu a ɗaure bayan mobilet.

"Baba, waɗancan sun gama aiki, se fini. A ba mai ƙosai ta hura wuta. Waɗannan ba ruwansu da gara, ka watsa musu ruwa kawai shi ke nan."

Na yi mata godiya, don da zuciya ɗaya ta kawo. Amma na ce ta bar mini tsofaffin tukuna.

Washegari da hantsi na tuɓe riga na shirya. Abin da na iya wankewa a duniya mota ce, don haka yadda ake wanke mota na yi. Na jawo su tsakiyar rana, na sheƙa musu ruwa bokiti bayan bokiti, na barbaɗa sabulun gari, na ɗauko burushin ƙarfe daga akwatin kayan aikina na kama dirza. Ƙarar ta cika gida. Ina cikin yi, gumi na zuba, sai na ji daga ɗaki:

"Malam!"

Na tsaya cak. Tun da ta kwanta ban ji muryarta da ƙarfi haka ba. Na yar da burushi na ruga, a zatona faɗuwa ta yi. Na same ta ta yunƙura ta zauna a bakin gado, tana harara ta.

"Me... kake yi... wa kujerun nan?"

Maganar na fita da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, amma na ji ta sarai.

"Wanke su nake, Hajiya."

"Da me?"

Na faɗa mata. Ta rufe ido kamar wadda aka taka wa ƙafa.

"Kamiyo ne?"

"A'a."

"To zo ka tashe ni."

Ta sa na miƙo mata gyale, ta rufe rabin fuska da shi, ta riƙe da hannun hagu. Na tallafe ta har bakin ƙofa. Kujerar robar da 'yarmu ta kawo ita ta yi rana, don ba ta da nauyi kuma tana da tsawo, na ajiye ta a ƙofar ɗaki na zaunar da ita. Hasken ya sa ta ƙifta ido. Ta dubi kujerun nan suna ɗigar ruwa a rana, ta dubi inda burushina ya kakkarce, ta girgiza kai.

"Inuwa," ta ce. "Mai da su inuwa. Rana za ta tsaga su."

Ranar ban ƙara yin komai ba sai jingina su a bango, a karkace yadda ruwa zai tsiyaye, kamar yadda ta nuna mini da yatsa. Na ce mu ci gaba mana. Ta ce itace ya ƙoshi da ruwa, a bar shi ya huta. Na mayar da ita ɗaki. Da safe tun ban gama shan koko ba na ji tana buga gado da kofi. Lokacin aiki ya yi.

Haka na shiga makarantar Hajiya da tsufana. Darasin farko, ba a fara da ruwa. Guntun tsintsiya ake sawa a kakkaɓe ƙasa a bushe, a karya hanyar gara, a ƙwanƙwasa ƙafar a ji ko ta ci ciki. Muka yi sa'a ba ta yi nisa ba. Sannan ruwa mai ɗumi kaɗan a kwano, ba bokiti ba, da sabulun salo da soso mai laushi, a matse shi kafin a ɗora. Na fara gogawa ina zagayawa kamar yadda ake goge gilashi.

"A'a. Bi shi yadda ya kwanta."

"Wa ya kwanta?"

"Itacen. Duba layinsa. Bi shi."

Na matso da idona, na ga siraran layuka na tafiya daga kai zuwa ƙasa. Shekara da shekaru ina zama a kan kujerun nan ban taɓa ganinsu ba. Tsakanin katako da katako kuwa, inda ƙasa ke maƙalewa, tsinke ake naɗe wa tsumma a bi ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙen ɗigon, lemun tsami ake yankawa a goga, a bar shi jim kaɗan, a share. Inda na karce da burushi, ta sa na fasa kwalba na ɗauki ɓallin da ya fi miƙewa na kankare a hankali har kaushin ya kwanta. In na yi sauri sai ta buga ƙafar hagu a ƙasa. In maganarta ta cije ban gane ba sai in ce ta sake, ta sake cikin fushi, ta sake kuma, har ta fito. Ban gaya mata ba, amma wani lokaci na gane tun farko, ina so ne in ji ta ƙara faɗa.

A nan na san cewa duk damina, kullum in magariba ta kawo kai, ita ke jan kujerun nan masu nauyi ta kai su rumfa ta kife, da safe ta fito da su. A nan na san cewa fasassun tubalan da nake gani ƙarƙashin ƙafafunsu ba yara ne suka bari ba, ita ta sa don kada itace ya taɓa ƙasa. Na sha ture su da ƙafa ina cewa suna hana kujera zama daidai, ita kuma ta bi bayana ta mayar ba ta ce komai ba.

Da suka bushe, na ga ni ma ya kamata in kawo tawa dabarar. Na je garejin wani tsohon abokina na karɓo baƙin man inji a gwangwani. Mu direbobi shi muke shafa wa katakon bayan mota, gara ba ta kusantarsa. Na ajiye a gabanta ina murmushi.

"Mene ne wannan?"

"Maganin gara. In na shafe su da shi, har jikokinmu sai sun zauna."

"Su zauna... su tashi da baƙin gindi?"

Ta dube ni, ta dubi gwangwanin, ta dubi hannuna da ya riga ya yi baƙi har gwiwa, sai dariya ta ƙwace mata. Dariya sosai, kafaɗa na rawa, har gyalen ya zame ya faɗi a cinyarta. Karkataccen bakin ya fito fili. Ta yi wuf za ta ɗauka, na riga ta na dafe shi da tsabtataccen hannuna.

Na ce, "Bar shi, Hajiya. Ni kaɗai ne a nan. Fuskar nan tun tana kawo mini ruwa a zauren baffanki nake kallonta, ban gaji ba."

Ta kau da kai. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi. Ba ta ɗauki gyalen ba. Da ta nutsu ta ce baƙin man a shafa shi a tafin ƙafafun kawai, inda ido ba ya gani kuma zane ba ya taɓawa. Na ce ko wannan ma na ci riba.

Kujerar Yaba mai rawa ta fi ƙarfinmu. Na ɗora ta a amalanke na nufi Widi. Tsohon kafintan ya daɗe da rasuwa, ɗansa na tarar a rumfar, shi ma da furfura. Ya kife kujerar ya dubi yadda aka haɗa ƙafafun, ya ce da Mosanci, "Wannan hannun babana ne." Ya kira matarsa ta zo ta gani. Ya ƙi sa ƙusa, ya fere 'yan turakun katako ya buga a mahaɗar har ta tsaya cak. Muna hira na gaya masa halin da mai ɗakina ke ciki, da yadda kujerun suka yi mata ƙasa, in ta zauna ba za ta iya tashi ba. Ya ce in kawo ɗaya. Ya ƙara mata tsawon ƙafa da guntun maɗaci, ya ɗan miƙar da jinginar. Sabon itacen ya fi tsohon haske, har yau ana ganin inda aka haɗa.

Sai ranar mai. Man kaɗanya ne, wanda dangin Yaba ke kawowa daga ƙauye a ƙulle cikin ganye. Hajiya ta sa na gutsuri kaɗan a ƙaramin kwano na ajiye a rana ya narke. A dangwala tsumma, a shafa siriri, a bar itace ya sha, a dawo da busasshen tsumma a goge har sai hannu ya daina kamawa. Na shafa a jinginar ta farko, jan nan ya taso a gaban idona kamar an kunna fitila a cikin katakon. Na yi kabbara. Ita kuwa tana zaune kusa, yanzu a kan wadda aka ƙara wa tsawo, tana bin hannuna da ido, bakinta na motsi.

"Ba haka ba. Ba ni."

Ta miƙo hagu. Ban san abin da ya zo mini ba, na ɗauki tsumman na buɗe yatsun hannun dama da ke lanƙwashe, na sa shi a ciki. Ta dube ni.

"Wannan ya mutu, Malam."

"Da shi kika saba yi. Bari mu gani ko ya manta."

Na ɗora hannunta a kan hannun kujerar, na ɗora nawa a kan nata, muka tafi tare, gaba, baya, a hankali. Hannun sanyi ƙalau, nauyi kamar ba nata ba. Muka yi ta yi. Ranar ba abin da ya motsa. Amma washegari ita ta miƙo shi da kanta, ta tallafo shi da na hagu.

Kujera uku ba sa buƙatar mai kullum, wannan ko ni na gane. Amma muka yi ta goge hannuwan kujerun nan da busasshen tsumma kowace safiya, ba wanda ya ce wa ɗaya aikin ya ƙare. A wajen gogar nan ne ta fara ba ni labarin gidana. Yatsanta na hagu zai tsaya a kan wani tabo ta ce, "Ka san wannan?" In ce a'a. Wata 'yar tsaga a gefe, ɗanmu ne ya gwada sabuwar wuƙar da kawunsa ya ba shi ranar Sallar layya, ina Lome a lokacin. Ta kama kunnensa, ta sa shi ya goge wurin da mai har hannunsa ya gaji. Wani baƙin ƙuna a mazauni, garwashi ne ya faɗo daga kaskon turare ranar kamun 'yarmu. Wannan kujerar kuma, ta tsakiya, a kanta ta wuni rungume da 'yarmu lokacin da ƙyanda ta kama ta tana ƙarama, zafin ɗaki ya hana yarinyar numfashi, ni kuma motata ta lalace a hanyar Yamai ba wanda ya san inda nake. Yaba ce ta zauna a gefenta tana yi musu fifita.

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Da ka dawo ta warke. Ka dawo a gajiye. Me zan gaya maka?"

Labari na jawo labari, harshen na ƙara sakewa. Na ji wanda ya zo neman auren 'yarmu aka hana shi, na ji ranar da mahaifiyata ta zo daga Nijar ta ƙi hawa kujera ta ce jiri take ji, ta shimfiɗa buzunta a ƙasa, Hajiya ma dole ta sauko. Shekarun da na yi a hanya, a ƙarƙashin dogon yaron nan aka ba ni su, kaɗan-kaɗan, da murya mai nauyi.

Wata safiya muna cikin goga na ji yatsunta sun matse tsumman a ƙarƙashin tafina. Kaɗan ne, kamar motsin ɗan tsako. Na ɗaga hannuna a hankali. Hannun ya tafi shi kaɗai, bai kai tsawon yatsa ba, ya tsaya. Muka dubi juna. Ta ce, "Kada ka gaya wa kowa tukuna."

Har lokacin, in ta ji sallama sai ta sa in mayar da ita ɗaki, kuma mukan fito ne bayan Yaba ta zo ta tafi. Ranar da abin ya sake, Yaba ce ta makara. Ta shigo da ƙwaryarta ta same mu a tsakar gida, Hajiya ba gyale a fuska. Na ga hannun Hajiya na lalube a cinya. Yaba ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba, ba ta ma tsaya kallonta ba. Ta wuce kai tsaye wajen kujerarta ta wajen randa, ta girgiza ta ta ji ba ta rawa, ta zauna ta yi ajiyar zuciya.

"Yauwa. Ƙafafuna sun gaji da tsayuwa a ƙofar ɗakinki. Kin ji abin da akuyar surukata ta yi mini jiya?"

Hajiya ta ce da Mosanci, "Me ta yi?"

Na tashi na ba su wuri, na fita zaure. Ina jin su har azahar.

Bayan Yaba sauran mata suka dawo, ɗaya-ɗaya. Kafin azumi ya zagayo an sake buɗe akwatin atamfa, 'yarmu ke sarowa daga babbar kasuwa, Hajiya na zaune tana faɗin wadda za ta zuba da wadda ba za ta zuba ba. Hannun bai dawo duka ba, amma ya riƙe carbi, ya riƙe kofi. Ta yi tafiya da sanda, da farko zuwa zaure, daga baya har gidan suna a ƙarshen layinmu. Bakin ya ɗan miƙe, sauran kuma ta daina damuwa da shi. Jan kujeru zuwa rumfa da damina ya zama aikina, shafa mai kafin zafi da bayan ruwa ya zama namu mu biyu, ni jingina da ƙafafu, ita hannuwa.

Allah ya ƙara mana shekaru masu dama a haka, ta ga auren ɗanmu, ta ɗauki jikoki a cinya. Ciwon ya dawo mata wata ranar Alhamis bayan la'asar, wannan karon bai ba da lokaci ba. Aka yi mata sutura washegari bayan an sauko daga Juma'a. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ba ta ga rushe unguwarmu ba, kuma na gode wa Allah da hakan. Da hukuma ta ce za a tashi mutane a gina sabon gari a wurin, maƙwabta suka watse, kowa da inda aka nuna masa. Yaba ta bi ɗanta can bayan gari. 'Yarmu da mijinta suka ce ba zan zauna ni kaɗai ba, in dawo Sisen. Na bar gado da akwatuna ga masu buƙata, na ce kujerun dai da ni za su tafi.

Gidan Sisen ƙarami ne, tsakar gidan siminti, ba bishiya ko ɗaya. Ranar da muka sauke kaya na yi ta yawo da kujera a hannu ina neman inda zan ajiye, ko'ina rana. Surukina, ma'aikacin gwamnati ne mai kunya, yana tsaye yana kallona. A ƙarshe muka cusa su a wani lungu bayan ɗakin girki, aka rufe da tsohuwar tabarma. Ranar Lahadi da sassafe na ji ana fasa siminti. Na fito na same shi da diga, ya huda rami a tsakiyar gidan, ga ɗan dashen mangwaro a gefe cikin leda.

"Baba, zai ɗau lokaci," ya ce, yana share gumi. "Kafin nan zan kafa maka rumfar zana."

Ya kafa rumfar a ranar. Mangwaron ni ke ba shi ruwa safe da yamma, na kewaye shi da ƙaya saboda tumaki. Bana inuwarsa ta fara isar kujera ɗaya. Da hantsi nakan ja ta can in zauna, in rana ta juya in tashi in matsa.